Za mu kai Baba gidan zoo na Bronx, ina neman shawara

Maman Ilham: Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da yamma. Don Allah shawara nake nema. Baban maigidana ya zo mana daga gida wata guda ke nan, kuma in ban da masallaci da asibiti ba inda ya leƙa. Yara sun samu hutu, sun matsa sai an kai su gidan zoo na Bronx tare da kakansu. Shekararmu shida a unguwar nan, kusan kullum sai bas ta wuce da ni ta jikin katangar wurin, amma ban taɓa shiga ba. Waɗanda suka saba zuwa, wace rana ta fi, wace ƙofa za mu bi, me za mu riƙe, kuma dattijo ɗan shekara saba'in da 'yan kai zai iya tafiyar? Sannan da wata matsala. Baba mutumin ƙasar Alkaleri ne, gonarsa ba ta da nisa da dajin Yankari. Da aka gaya masa sai ya ce shi da giwaye suka shafe wa gonar masara a dare ɗaya, ba zai ba da dala don ya je kallon giwa ba. Ni kuwa kun san ba hurumina ba ne in ja da shi.

Hajiya Ta Nima: Wa alaikumus salam 'yata. A gaishe mana da Baba, ya baƙunta? Na kai jikokina wurin nan ya fi sau goma. Abu na farko, cire wa ranki cewa za ku gama shi a wuni ɗaya. Eka 265 ne, ga hawa ga gangara. Wanda ya ce sai ya ga komai, ƙafa kawai zai kashe, ya dawo gida bai tuna komai ba. Ku zaɓi wuri uku ko huɗu, ku zauna ku kalle su da kyau.

Ɗan Maraɗi: Hajiya ta faɗi gaskiya. Batun hanya ku bar mini, shekara goma sha ɗaya ina tuƙin tasi a garin nan. In jirgi za ku hau, mai lamba 2 ko 5, ku sauka tashar West Farms Square, East Tremont. Ku miƙe Boston Road arewa, 'yar tafiya kaɗan za ta kai ku ƙofar da suke kira ta Asiya. In bas ce, Bx9 da Bx19 duka suna bi ta Southern Boulevard, nan ma da ƙofa. Amma da dattijo da yara uku, ni na fi son a sauke ku da mota a bakin ƙofa, ku adana ƙarfinsa don ciki. Kar maigida ya ce zai zo da motarsa ranar Asabar ko Lahadi da rana tsaka, wurin ajiye motoci kan cika, kuma kuɗinsa daban ne.

Uwar Biyu: Yaya Maman Ilham, ranar Laraba ce ranar sauƙi. Ana ba da tikitin shiga ba tare da an yanka miki farashi ba. Sai dai dole ki kama tikitin a intanet tun kafin ranar, suna sakinsu da yammacin Litinin, kuma kamar rabon zakka ake wawashe su lokacin hutu. Ki sa ƙararrawa a waya. Ki kuma sani wannan tikitin bai haɗa da wasu wuraren ba, kamar dajin Kwango na gwaggon birai, da JungleWorld, ɗakin dabbobin kurmin Asiya, da jirgi mai bin dogo ɗaya da ke zagaya sashen Asiya, da sashen ƙananan yara. Kowanne sai kin biya nasa. Ki lissafa tun a gida, wani lokacin cikakken tikiti a wata ranar ya fi miki kwanciyar hankali. Yaro ɗan shekara biyu zuwa ƙasa ba ya biya.

Anti Nas: Ni kam ba na goyon bayan Laraba in da tsoho a tafiyar. Cunkoson ranar ya yi yawa lokacin hutu, ga zafin Yuli mai ɗauke da gumi, ba irin busasshen zafin gida ba ne da ya saba da shi. Talata ko Alhamis, ku isa ƙarfe goma daidai lokacin buɗewa. Da safe dabbobin ma sun fi walwala, rana na take tsaka kowa zai nemi inuwa ya kwanta. Yana shan maganin hawan jini ko na suga? In eh, ku tafi da shi, da ruwa mai yawa, da ɗan dabino. Ana samun keken zama a ƙofa, ki karɓa ko ya ce ba ya so. Dattawanmu ba sa yarda a tura su, to ki ɗora kayanku a kai, idan ƙafa ta gaji da kansa zai zauna.

Maman Ilham: Allah ya saka da alheri. Na hawan jini yake sha, Anti. Dabarar keken nan ta yi mini. Abinci fa? Ana barin mutum ya shiga da nasa?

Hajiya Ta Nima: Ana bari, kuma akwai tebura a ƙarƙashin itatuwa. Ni waakye nake dafawa tun asuba, in zuba shito a 'yar roba, in soya kifi. Ke ki yi masa abin da ya saba, dambu ko ɗanwake ba sa lalacewa da wuri, ki dama fura ki sa a gora mai riƙe sanyi. Akwai gidan cin abinci babba a ciki, amma mu da muke kiyaye yanka, namu ya fi mana. Ki ja wa yara kunne kar su jefa wa dabba komai, an hana, kuma cutar da su yake yi. Ɗawisu na yawo sakaka a cikin mutane, zai zo har gindin teburinku, a kalle shi kawai. Ki riƙe darduma da 'yar butar roba. Azahar za ta same ku a ciki, mu kan nemi gefen ciyawa inda ba a tare hanya mu yi sallarmu, ba wanda ya taɓa ce mana kanzil.

Baban Walid: Salamu alaikum. Yanzu na tashi daga aiki na tarar da zancen, kuma maganar Baba ce ta tsaya mini. Ni ma ɗan Bauchi ne, na san abin da ake nufi in an ce giwaye sun shiga gona. Wahalar damina guda ce take tafiya kafin gari ya waye, mutum yana ji yana gani ba shi da yadda zai yi. Don haka kar kowa ya ɗauki maganarsa wasa.

Amma akwai abin da nake so a gaya masa. Ƙungiyar kare namun daji da ke tafiyar da gidan zoo ɗin nan, WCS, ita ce dai wadda ke aiki a Yankari. Hedikwatarta tana cikin gidan zoo ɗin. An kafa ta a 1895, aka buɗe gidan a Nuwamban 1899 da dabbobi 843. A 2014 ta sa hannu da gwamnatin Jihar Bauchi kan kula da tsaron dajin. Masu gadin dajin da Baba ke gani suna shiga sintiri na kwanaki, horonsu da kayan aikinsu da guzurinsu da alawus ɗin kwana a daji, da hannun ƙungiyar nan a ciki. Sun ɗaura wa wasu giwaye na'ura a wuya don a riƙa sanin inda garken ya dosa. Sun kuma ɗauki mutane a ƙauyukan gefen daji da ake kira masu gadin giwa, aikinsu su sanar da wuri in garke ya fito, a zo a kore shi kafin ɓarna ta yi yawa. Ƙungiyar ta yi shekaru a jere tana ba da rahoton cewa daga Mayun 2015 ba a sake tsintar gawar giwar da mafarauta suka harbe ba. Dajin murabba'in kilomita 2,244 ne, giwayen da suka rage ana ƙiyasta su tsakanin 100 da 150, suna cikin mafi yawan da suka saura a Najeriya baki ɗaya.

Ban ce wannan zai mayar masa da masararsa ba. Amma wurin da za a kai shi ba baƙon wuri ba ne gare shi kamar yadda yake zato.

Ɗan Maraɗi: Ikon Allah. Sau nawa na sauke fasinja ƙofar wurin nan ban san da wannan ba.

Maman Ilham: Yaya Baban Walid, na karanta wa maigidan, shi kuma ya karanta wa Baba. Ya yi shiru, sannan ya ce ya san yaran da ake kira masu gadin giwa, ɗan wani amininsa ma yana ciki. Ya ce a tambaye ka, giwar nan irin tamu ce?

Baban Walid: A ce masa a'a, ta Asiya ce. Kunnenta ƙarami ne, bayanta a tudu, ba ta kai tamu girma ba. Kuma daga cikin jirgin nan mai dogo ɗaya kaɗai ake hango ta, ba kullum ake dacewa ba. Tun 2006 gidan ya sanar ba zai ƙara kawo sababbin giwaye ba. Ni ba don giwa zan kai shi ba. A kai shi sashen filayen Afirka, wanda aka buɗe tun 1941. Zakuna suna kan wani tsibiri, rami ne ya raba su da dabbobin da ke kiwo a gabansu, ba ƙarfe ba, sai ka rantse fili ɗaya suke. Kusa da nan akwai raƙuman dawa, da jakunan dawa, da kuraye, da kyarketai. Dattijon da ya tashi gefen Yankari shekara saba'in da suka wuce ya san wasu dabbobin da yau babu su a can. Raƙumin dawa da kyarkeci da rabbi duk sun ƙare a dajin. Raƙuman dawan da ake gani a Sumu ma daga Namibiya aka kawo su a 2006.

Malamin Islamiyya: Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ku yi mini afuwa in shigo da wata fuska. Ni zuciyata ba ta cika kwanciya da tsare dabba ba. Kowa ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abincinta ba. Malamai sun fahimci cewa laifin yana ga yunwar da azabtarwar, domin akwai ƙaramin yaron nan Abu Umair da yake da ɗan tsuntsu, Annabi sallallahu alaihi wa sallam yana tambayarsa labarinsa, bai hana shi riƙewa ba. Don haka ba na cewa haramun ne. Amma giwa da Allah ya halitta ta yi tafiyar kilomitoci da danginta, a ce ta tsufa a ɗan fili a ƙasar ƙanƙara, abin yana taɓa ni. Na kai ɗalibaina sau biyu, kuma zan sake kai su, sai dai nakan ce musu su kalli dabbar da tausayi, kar su buga gilashi, kar su yi mata ihu.

Auta: Malam, wannan maganar har kotu ta je. Wata ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi ta shigar da ƙara a 2018 a madadin giwar da ake kira Happy, wadda aka kawo gidan a 1977. Ita ce giwar da masu bincike suka nuna tana gane kanta a madubi. Sun nemi a mayar da ita wani fili mai faɗi na tsofaffin giwaye. A Yunin 2022 babbar kotun Jihar New York ta yanke, alƙalai biyar suka ce dokar sakin wanda aka tsare ta mutane ce kawai, biyu suka saɓa. Gidan kuma ya tsaya a kan cewa ana kula da ita yadda ya kamata, kuma ɗauke tsohuwar dabba daga inda ta saba yana da nasa hatsarin.

Amma iyayena, akwai abin da ya fi wannan nauyi, kuma ina ganin bai kamata baƙar fata ya shiga wurin nan bai sani ba. A Satumban 1906 an sa wani mutum, ɗan Adam, a ɗakin birai ana kallonsa. Sunansa Ota Benga, ɗan ƙabilar Mbuti daga Kwango. Wani Ba'amurke ne ya kawo shi baje kolin St. Louis a 1904, daga baya ya ƙare a Bronx. An haɗa shi keji ɗaya da biri, dubban mutane suna tururuwa. Limaman cocin baƙaƙen fata na New York ne suka tashi tsaye har aka fitar da shi bayan kimanin kwana ashirin. Aka kai shi gidan marayu a Brooklyn, daga nan Lynchburg a Jihar Virginia. Bai samu hanyar komawa gida ba, a Maris 1916 ya kashe kansa. Sai a Yulin 2020 ƙungiyar ta fito ta nemi gafara a bainar jama'a. Shekara 114.

Hajiya Ta Nima: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Auta, shekarata ashirin da bakwai a Bronx, wallahi yau na fara jin wannan. Jikina ya yi sanyi.

Uwar Biyu: To yanzu ya za a yi? Ni har na ji wurin ya fita raina.

Auta: Anti, ba don a fasa zuwa na faɗa ba. Ni ma ina zuwa. Ginin yana nan a tsohon dandalin tsakiya, an daina ajiye birai a ciki tun 2012. Duk lokacin da na je da ƙannena nakan tsayar da su a gabansa in ba su labarin, in faɗa musu sunansa. Ilham ta kai shekarun da za ta fahimta. Gara ta ji daga bakin uwarta a wurin da abin ya faru.

Baban Walid: Auta ya yi daidai, Allah ya yi masa albarka. Kuma mutumin da ya shugabanci gidan a lokacin, Hornaday, wanda ya kare wannan ta'asar, shi ne dai ya jagoranci ceto ɓaunar Amurka. Dabbar da take miliyoyi aka karkashe ta har ta koma kimanin dubu ɗaya. A 1905 aka kafa ƙungiyar ceto ta a cikin gidan nan, a 1907 aka ɗora guda 15 a jirgin ƙasa daga Bronx zuwa tsaunukan Wichita a Oklahoma, suka hayayyafa. Ya ji tausayin ɓauna, bai ji na ɗan Adam ɗan'uwansa ba. Duka biyun sun faru, kuma ni ina gaya wa 'ya'yana duka biyun.

Malam, batun da ka kawo, ga abin da ya sa ni dai nake ganin gidan yana da amfani. Ku shiga ɗakin macizai da kadoji ku nemi wani ɗan kwaɗo rawaya, bai wuce kan ɗan yatsa ba. Duniya kaf a wuri ɗaya yake rayuwa, cikin feshin ruwan da ke zubowa daga dutsen Kihansi a Tanzaniya, kuma haihuwa yake yi, ba ya yin ƙwai a ruwa kamar sauran kwaɗi. Da aka gina madatsar lantarki a kan kogin sai feshin ya ragu, ga wata cutar fata da ke kashe kwaɗi. A shekarar 2000 aka ɗebo 499 aka kawo Amurka. A 2009 aka sanar ya ƙare a daji. Waɗanda suka rage a duniya su ne na Bronx da na gidan zoo na Toledo a Ohio. Suka yi ta kiwonsu har suka kai dubbai, a 2010 aka fara mayar da su Tanzaniya, a 2012 aka fara sakinsu a mazauninsu na asali. Mutane na wuce akwatin gilashin nan ba sa ko waiwaye, alhali ya fi zakin labari.

Malamin Islamiyya: Wannan kam aiki ne na alheri, ban musa ba. Ko Annabi Nuhu alaihis salam an umarce shi ya ɗauki biyu-biyu daga kowane jinsi. Damuwata tana nan game da manyan dabbobi, amma na ƙaru.

Ɗan Maraɗi: Tunda an zo nan, bari in yi alfahari da ƙasata kaɗan. Raƙuman dawa irin na Afirka ta Yamma babu su ko'ina sai Nijar, a Kure, wajen kilomita sittin daga Yamai kan hanyar Doso. A 1996 guda 49 suka rage. Yau sun haura 600. Ba katanga, ba keji, cikin gonakin gero da wake suke yawo da mutane. Su ma suna cin wake da mangwaron talakawa, kamar yadda giwa ke yi wa Baba, amma da aka riƙa taimakon ƙauyukan da rijiyoyi da bashin sana'a, samari kuma suka samu aikin rakiyar baƙi, sai mutane suka zama su ne masu tsaronsu. A 2018 an ɗauki takwas an kai Gadabeji a jiharmu ta Maraɗi, inda suka ɓace shekaru da dama. Harin da 'yan bindiga suka kai Kure a Agustan 2020 ya kori baƙi, ya taɓa abincin mutane da yawa, Allah ya kawo mana zaman lafiya. Na Bronx ba irin namu ba ne, namu sun fi haske. Maman Ilham, ki gaya wa yara haka in kun tsaya gabansu.

Uwar Biyu: Amin. To ni shawarata ta ƙarshe, dajin Kwango kar ya wuce ku ko da za a biya daban. Gilashi ne kawai tsakaninku da gwaggon birai. Uwa ta zauna tana shayar da ɗanta tana kallonki ido cikin ido, Hassana ta ƙi tafiya sai da muka yi kusan awa. Akwai kuma wata dabba okapi, ƙafafunta da zane kamar jakin dawa amma 'yar'uwar raƙumin dawa ce, a Kwango kaɗai take. Ki rubuta lambar wayarki a takarda ki sa wa ƙaramin a aljihu, wurin yana da lunguna da duhu-duhu.

Baban Walid: An buɗe wannan sashen a 1999, kuma kuɗin shigarsa ana tura shi aikin kare dazuzzukan tsakiyar Afirka, an tara miliyoyin daloli ta nan. Mu ma Najeriya muna da namu gwaggon biran a tsaunukan Kuros Riba da ƙetaren iyakar Kamaru, kusan 300 kawai suka rage, su ne mafi ƙaranci a duniya. Ƙungiyar nan tana aiki a can tun 2001 tare da ƙauyukan da ke kewaye da tsaunin Mbe. A 2020 kyamarar da aka ɗaura a itace ta ɗauko garke da jarirai a goye, hoton ya zaga duniya. Na Bronx dangi ne na kusa, amma ba su ba ne.

Tsarin da zan ba ku: ku shiga ta ƙofar Asiya, ku hau jirgin tun layi bai yi tsawo ba, a zaune ake yin kusan minti ashirin, a ƙetare Kogin Bronx, a ga damisar Asiya mai ratsi da karkanda. Daga nan filayen Afirka, ku ba shi lokaci sosai. Ku ci abinci, ku yi sallah, sai dajin Kwango. In da sauran ƙarfi, ɗakin kwaɗon nan da tsohon dandali. Ƙarfe biyar ake rufewa a ranakun aiki, kuma ana fara shigar da dabbobi kafin nan. In kun ga za ku riƙa komawa, katin shekara na iyali yana shigar da ku har na Central Park da Queens da Prospect Park, wani nau'insa har da gidan kifaye na Coney Island, duk nasu ne.

Maman Ilham: Baba ya amince. Alhamis in sha Allahu. Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci.

Anti Nas: Allah ya kai mu. Hula mai faɗi ko lema, kar a manta.

Maman Ilham: Assalamu alaikum, mun je mun dawo lafiya, ga bayani tunda kun yi mini ɗawainiya. Ɗan Maraɗi da kansa ya zo ya kai mu, ya ƙi karɓar ko sisi, Allah ya biya shi. Keken ya yi amfani, bayan azahar Baba ya zauna ba wanda ya roƙe shi. Giwar mun hango ta daga nesa ta ba mu baya, ya dube ta ya ce lallai ba tasu ba ce. Zakuna suna barci. Mun tsaya gaban ginin da Auta ya faɗa, na ba Ilham labarin, ta yi ta tambayata ko yana da 'ya'ya, ko wani ya je nemansa. Baba ya sa aka fassara masa, ya daɗe bai yi magana ba.

Amma inda tafiyar ta tsaya shi ne wurin kyarketai. Muna isa ya miƙe daga keken ya kama shingen. Ya ce rabonsa da ganinsu tun yana saurayi yana bin mahaifinsa ɗebo zuma, sun ci karo da garke wajen goma sha biyar sun kewaye ɗan gwanki. Tun kafin su juyo ya faɗa wa yara cewa bakin wutsiyarsu fari ne, kunnuwansu faka-faka, kuma ba biyu da zanen jikinsu ya zo ɗaya, sai ga shi kuwa haka ne. Ya ce da asuba suna wani kuka kamar na tsuntsu in ɗaya ya ɓace wa 'yan'uwansa, ya kwaikwaya musu. Ya ce shi ya ɗauka sun ƙare a duniya. Na ga ya sa gefen rawaninsa yana goge ido, sai na janye yaran gefe. Mun fi awa ɗaya a nan, dajin Kwango a gurguje muka yi shi, kwaɗon ma ba mu samu gani ba.

Hajiya Ta Nima: Allah sarki Baba. Kin sa ni hawaye.

Baban Walid: Alhamdu lillahi. A gaishe shi da kyau, a ce ɗansa na Bauchi zai zo gaisuwa ranar Lahadi, ina so in ji labarin dajin daga bakinsa.

Maman Ilham: Ya ce yana jiranka. Tun a mota ya sa Ilham ta fito da littafinta, yana faɗa tana rubutawa, sunayen namun dajin da ya sani da Hausa: gwanki, kanki, mariya, mazo, gada, barewa, gyado, rabbi, tunku, dage. Da ta tambaye shi okapi ya ce wannan ba ta dajinmu ba ce, ba shi da suna gare ta. Jiya da dare ya kira amininsa a gida, sun daɗe suna lissafin wace shekara aka yi wa kyarkeci ganin ƙarshe. Yanzu so yake a mayar da shi kafin ya koma, da sassafe, ko zai dace su yi kukan nan yaran su ji. Uwar Biyu, ranar Litinin ki tuna mini batun tikitin Laraba, wannan karon wuri biyu kawai za mu, kyarketai da kwaɗo.

Uwar Biyu: Zan kira ki ƙarfe biyar saura. Don Allah ki ɗauko mana hoton shafin Ilham ki sa a zaure, 'yan biyuna ba su san ko ɗaya a cikin sunayen nan ba.

Maman Ilham: Bayan isha'i zan turo. Yanzu ma suna falo shi da ita, ya tuno wasu, sun shiga shafi na biyu.